Asabar a layin masu turi

Garwa, bayan isha'i.

Tun hantsi turi ya ƙi tafiya yau. Layinmu na masu tura waƙa da fim a babbar kasuwa ya cika maƙil, kowa ya kunna Xender, manhajar da muke turi da ita ta Wi-Fi, masu sayar da sifika a bayanmu kuma sun saki Bluetooth. Wata hajiya ta tsaya a kaina da 'yar Itel ɗinta, fim ya maƙale a rabi, gumi na ɗiga daga goshinta. Ta ce, "Ɗana, ko rezo ne babu?" Na ce, "Hajiya, ba ruwan rezo a nan. Waya da waya ne ke magana kai tsaye, ba sa bi ta kamfani."

Da la'asar ƙanena da ke karatu a Jami'ar Marwa ya leƙo, ya buɗe wata manhaja, sai ga sunayen wayoyin layin nan jibge a kan juna. Ya ce duk a zango ɗaya na Wi-Fi muke cunkushe, wanda ake kira 2.4 GHz. Tashoshi 13 ne a ciki, amma uku kaɗai ba sa taka juna: 1, 6 da 11. Wayoyin da ke tasha ɗaya sukan saurara kafin su aika, wannan ta jira waccan ta gama. Wadda ta zauna a ta 3 ko ta 4 ita ce matsala, tana damun na hagu da na dama, kamar mai babur da ya hau tsakiyar gadar Binuwai. Bluetooth kuwa, shi ma a zangon nan yake, amma ba ya zama wuri ɗaya, tsalle yake tsakanin tashoshi 79, sau 1,600 a daƙiƙa.

Maƙwabcina na dama cewa ya yi zai sayo na'ura mai ƙarfi. Ni dai a ganina asarar kuɗi ce. Wayar mai saye tana gaban hancinka, me za ka yi da ƙarfi? Sai dai ka toshe kunnen na kusa da kai, shi ma ya sayo tasa.

Na gwada wani zangon Wi-Fi ɗin, 5 GHz, da wani mai sabuwar Tecno, kafin ya ƙirga canjinsa fim ya shiga. Ba ya cin nisa, kuma hakan ne ya dace da mu. Sai dai ƙananan wayoyi masu araha da yawa ba sa ganinsa, su ne kuwa abokan cinikina.

Su dole in ja musu da kebul daga kwamfuta. Gobe zan nemi kebul uku masu kyau, in kuma sami shugaban layi mu yi maganar kashe turi in babu aiki.