Juma'ata a Birnin Paris

Tun ina ɗan lakwal a Damagaram nake jin sunan Paris. Malaminmu kan zana taswirar Faransa a allo, ya ja kogin Sen da alli, mu kuwa mu haddace. Sai da furfura ta fara leƙo mini kafin Allah ya kai ƙafata can, farkon shekarar 2025, da na je duba ɗan ƙanwata da ke karatu.

Da asuba muka sauka a filin jirgin Sharl de Gol. Sanyin da ya tare ni ba irin hunturunmu ba ne mai ƙura da fasa leɓe. Wannan jiƙaƙƙe ne, yana ratsa riga har ƙashi. Yaron ya yafa mini rigar sanyinsa, ya karɓi jakata. "Kawu, sannu da hanya. Mu hanzarta, sai mun isa gida ma gaisa sosai." Muka shiga jirgin ƙasa, daga nan muka gangara jirgin ƙarƙashin ƙasa da suke kira metro, wanda yake jigilar mutanen garin tun 1900.

Hasumiyar Eiffel na gan ta, na hau, na sauko. Ƙarfe ne zalla da aka kafa a 1889, tsayinsa mita 330, kuma daga sama za ka ga garin shimfiɗe kamar tabarma. Amma ba ita ta riƙe ni ba. Abin da ya tsayar da ni shi ne ɗan tsibirin da ke tsakiyar kogi, cibiyar tsohon gari, inda majami'ar Notre-Dame take. A 1163 aka aza tubalinta, aka shafe kusan shekara ɗari biyu ana gini. Kaka ya fara, jika bai ga ƙarshe ba. Gobara ta cinye rufinta a watan Afrilun 2019, sai ga shi a Disamban 2024 an sake buɗe ta. Kafintoci da gatari suka sassaƙe katakon rufin, yadda magabatansu suka yi. Mutanen nan ba sa wasa da sana'ar gado, kuma na yaba musu ƙwarai. Na tuna maginan ƙasa na garinmu, waɗanda 'ya'yansu ke gudun cuɗa laka.

A dandalin Konkod kuwa zuciyata ta sauya. Nan aka fille kan Sarki Luwi na 16 a 1793, bayan juyin juya halin da ya faro a 1789, ya girgiza sarakunan Turai. A tsakiyar dandalin akwai wani dogon dutse mai tsini, da rubutun zamanin Fir'auna a jikinsa. Daga Luksor ta Masar aka ɗauko shi, aka kafa a 1836. Washegari a gidan tarihi na Ke Biranli na ga gumaka, ganguna da tufafin Afirka jere cikin gilashi. Daga nan ne aka mayar wa Jamhuriyar Benin kaya 26 na sarakunan Abome a 2021. Saura fa? Ɗakuna cike suke. Na daɗe tsaye, ban iya cewa komai ba.

Ranar Alhamis yaron ya ce, "Kawu, zo in kai ka gida." Ashe unguwar Shato Ruj yake nufi, a arewacin gari. Muna fitowa daga metro ƙamshin busasshen kifi ya buge ni. Ga kuɓewa, ga doya, ga manja a jarka, ga atamfa an rataye har rufi. Wolof, Bambara, Lingala, Larabci, kowa da harshensa. Wata dattijuwa ta kwance jiƙaƙƙen buhu ta zaɓo mini goro fari guda uku, ta ƙara ɗaya gyara.

Ran Juma'a muka yi sammako zuwa Babban Masallacin Paris. Farin gini ne mai koren rufi, hasumiyarsa mita 33, bangonsa shafe da ƙananan fale-fale masu launi da magina daga Arewacin Afirka suka jera ɗaya bayan ɗaya. A tsakar gida ruwa na zuba a hankali, hayaniyar motoci ta yanke kamar an rufe mata ƙofa. An buɗe shi a 1926, don tunawa da dubban sojojin Musulmi da suka mutu suna yi wa Faransa Yaƙin Duniya na Ɗaya. Daga ƙasashen da ta mallaka aka kwaso su, har da namu yankin.

Kakata kan ba mu labarin wani wanta da aka ɗauka soja zamanin Nasara. Ya bar gero a gona ba a girbe ba, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Har ta rasu, in ta idar da sallar asuba sai ta ambaci sunansa.

Bayan an sallame na nemi allon da aka kafa domin waɗannan sojoji. Na tsaya a gabansa, sanyi na cizon yatsuna.

"Kawu, lafiya?"

"Lafiya lau, ɗana. Ɗaga hannu mu yi masa Fatiha."