Inda na kai da kalmomin aure a Turancin da

'Yan uwa masu fama da tsohon Turanci, na kusa gama littafin labarin Pride and Prejudice na Jane Austen, wanda ya fito a 1813, kuma rabin kalmomin da na tara a ɗan littafina na kuɗi ne da shari'a, ba na soyayya ba. Duk kalmar auren da kuka ci karo da ita, ku fara tambayar dukiyar wa ake magana, kuma hannun wa za ta faɗa.

Ku yi hattara da dowry, portion da fortune. Mutanenmu kan ce sadaki ne, alhali dukiya ce da gidan amarya ke haɗa ta da ita, ta fi kusa da gara da kayan ɗaki. Sadaki hakkin mace ne, wannan kuwa da an ɗaura aure ta zama ta miji, don a dokar Ingila ta lokacin matar aure ba ta da mallaka ta kanta. Sai a 1882 aka gyara wannan sosai. Shi ya sa iyaye ke dagewa kan settlement, takardar da lauyoyi ke rubutawa kafin biki don killace wa 'yarsu wani kaso, a ciki har da jointure, abin da za ta ci idan miji ya riga ta mutuwa. Da na gane haka, sai na koma cikin labarin, wurin da wani mai suna Wickham ya so gudu da Georgiana, yarinya 'yar shekara 15 mai fam 30,000. Ashe ba sai an tambayi abin da ya gani a wurinta ba.

Gretna Green kuma ƙauye ne a Sikotilan, dab da iyaka. Dokar 1753 ta hana wanda bai kai shekara 21 ba yin aure a Ingila ba da yardar iyaye ba, ta kuma ce sai an yi banns, wato shelar aure a coci Lahadi uku a jere, ko a sayi lasisi. Dokar ba ta hau kan Sikotilan ba, sai masoya suka riƙa tsallakawa, har maƙerin gari ya ɗaura musu.

Wasu kalmomin ba sa cin lokaci. Idan aka ce budurwa tana out, an fara fita da ita taron rawa ke nan, manema na iya zuwa. Make love a wancan zamani zance ne kawai da kalaman neman aure, kada ranku ya tafi wani wuri.

A ɗan littafin nawa shafi uku nake ja wa kowace kalma: jimlar da ta fito a ciki, wanda ya faɗe ta, da mai cin riba. Yanzu entail na sa a gaba, sharaɗin gadon da ya sa gidan Bennet, iyalin da labarin ke kansu, zai koma hannun ɗan uwansu Collins alhali ga 'ya'ya mata biyar a ciki. Wanda ya riga ni warware shi, ya taimaka mini da yadda ya jera nasa bayanin.