Takardar da likitoci uku ke sa wa hannu

Shekara tara ke nan ina aikin jinya a Jidda, yawanci a ɓangaren masu ciwon daji. Da na fara, ɗauka nake kula da wanda ajali ya ƙarato masa aikin zuciya ne kawai: tausayi, haƙuri, taushin hannu. Sannu a hankali na gane cewa rabin abin da zan iya yi wa majinyaci an riga an yanke shi a Riyad, tun kafin in saka farar riga.

Wani dattijo ne ya fara buɗe mini ido, Bahaushe haifaffen Makka, ciwon hanta ya gama cinye shi. Likitoci suka ce idan zuciyarsa ta tsaya ba za a danna ƙirji ba, ba za a ɗora shi kan na'urar numfashi ba. Babban ɗansa ya tare ni a bakin ƙofa, da Hausa, don ya san ta gida ce: "Baiwar Allah, so kuke ku kashe mana uba muna kallo?"

Na ce, "Yaya, zauna mu yi magana." Na gaya masa ba ra'ayin likita ɗaya ba ne. Akwai fatawa mai lamba 12086 da kwamitin dindindin na fatawa na Saudiyya ya fitar a 1409 Hijira: idan likitoci uku masana, amintattu, suka haɗu a kan cewa farfaɗo da majinyaci ba zai amfane shi ba, ya halatta a bari. A kanta asibitoci suka gina takardar da ake sa wa hannu. Jin malamai sun yi magana ya sa jikinsa ya yi sanyi. Fatawar ba ta sharɗanta amincewar iyali ba, kuma a nan nake ganin wasu likitocin na gajarce hanya. Sa hannu minti biyu ne, amma iyalin da ba a zauna da su ba har abada za su riƙa cewa an yi sakaci da nasu.

Baba ya koma gida, ma'aikatan jinyar gida suna zuwa duba shi, ana ba shi morfin, maganin rage tsananin raɗaɗi. Mutanenmu na tsoron sunan nan, ƙwaya suke ɗaukarsa. Kulle yake a akwati, ana ƙirga shi gaban shaida, amma akwai shi, kuma doka ta yarda ya bi majinyaci gida. Da shi Baba ya samu barci, har ya cika 'ya'yansa na laƙƙana masa kalmar shahada.

Wannan fanni na sauƙaƙa wa majinyaci raɗaɗi a ƙarshen rayuwa, a asibitin ƙwararru na Sarki Faisal da ke Riyad ya soma, farkon shekarun 1990. Ya daɗe a 'yan manyan asibitoci, sai da tsarin lafiya na shirin Saudiyya na 2030 ya sa "ƙarshen rayuwa" cikin ginshiƙansa shida kafin ya bazu sosai.

Sai dai tsari wanda ya ƙirga kawai yake gani. Ɗan ƙasa magani kyauta, baƙo mai iƙama, wato takardar izinin zama, yawanci yana da inshora. Ita kuwa wata Inna da nake leƙawa a unguwar Karantina ta Jidda bayan na tashi aiki, shekara arba'in a ƙasar nan ba takarda, sankarar mama ta fashe mata. Jiya na wanke mata ciwon, na bar mata Panadol.