Yadda muka buɗe ɗakin kwamfutar makarantarmu

Lokacin da aka ɗora mini kula da ɗakin kwamfuta na makarantar sakandaren da nake koyarwa, kusan rabin na'urorin ba sa tashi. Duk wanda ka tambaya dalili, amsa ɗaya ce: babu wuta, babu kuɗin gyara. Amma ga faranten sola a kan rufi, ga inbata da batura a kusurwa, kuma kwamfutocin an lulluɓe su da leda, wasu ko gogewar yatsa babu a jikin madannansu. Kayan da ba a taɓa ba, me ya lalata su?

Sai na ɗauki takarda na rubuta duk abin da dole ya faru kafin yaro ɗaya ya zauna gaban kwamfuta: a samu wuta, a buɗe ƙofa, darasin ya kasance a jadawali, malamin ya iya, wurin zama ya isa, a samu mai gyara idan abu ya tsaya. Na riƙa jan layi daga wannan zuwa wancan, ina tambayar wane ne ke jan wane. Masana na kiran wannan duban tsari gaba ɗayansa, wato ka daina kallon kaya ɗaya-ɗaya, ka kalli yadda suke taɓa juna. Layukan nan yawanci a kan makulli suka ƙare.

Ga yadda abin yake. Malamin da ya sa hannu ya karɓi kayan, an gaya masa duk abin da ya ɓace ko ya lalace a wuyansa yake. To wa zai ga laifinsa don ya garƙame ɗaki ya sa makulli a aljihu? Sai dai rufewar ita ce ke kashe kayan. Batir irin mai ruwa yana so a riƙa duba shi ana ƙara masa ruwan batir, kuma idan ya sauka ya daɗe a haka, ba ya ƙara riƙe caji kamar da. Ƙurar hunturu ta rufe faranten sola, ba mai hawa ya share, cajin ya ragu. Ɓeraye sun samu wayoyi. Ranar da baƙi suka zo duba makaranta aka buɗe, aka tarar wasu kwamfutocin sun mutu, aka yi wa malamin faɗa, shi kuma ya ƙara kwaɗo na biyu. Tsoro ya kawo rufewa, rufewa ta kawo lalacewa, lalacewa ta ƙara tsoro.

Na kai wa shugaban makaranta takardar. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Malam, yanzu so kake in saki kayan gwamnati a hannun yara?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a rufen ma mutuwa suke yi, gara su mutu a bakin aiki." Abin da ya amince da shi bai ci ko kwabo ba: aka rubuta cewa lalacewar da ta faru lokacin darasi ba laifin kowa ba ce muddin an shigar da ita a littafi a ranar. Aka yanka makulli na biyu aka ajiye a ofishin mataimakinsa.

Da ƙofa ta buɗu sai matsala ta koma wani wuri, kuma haka tsari yake. Darasinmu minti 40 ne, aji kuma cike maƙil. Kafin yara su taso, su cire takalma, na'urori su gama tashi, an ci kusan rabin lokacin, sannan masu ƙarfi su mamaye kujeru. 'Yan mata na lura suna tsayawa a baya, suna kallo ta kan kafaɗun maza. Muka haɗe darasi biyu a jere, muka raba aji gida biyu, kuma muka mai da shi tsakar rana lokacin da sola ke da ƙarfi, don kada a riƙa tatsar batura da sassafe. Janareta ba mu sa shi a lissafi ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin da kwamitin iyaye ke tarawa ba ya ɗaukarsa.

Abin da ya fi jan yara da iyayensu kuwa jarrabawa ce. JAMB, hukumar jarrabawar shiga manyan makarantu, ta fara gwada jarrabawa ta kwamfuta a 2013, daga 2015 kuma jarrabawar ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya. Ɗalibanmu da yawa ranar jarrabawar suke fara taɓa na'ura. Da muka fara koya wa 'yan ajin ƙarshe amsa tambaya da A, B, C, D, da danna N don wucewa gaba, P don komawa baya, sai ga iyaye da kansu suna tambayar nawa ne kuɗin sabon batir. Da can ko an kira taro a kan ɗakin ba sa zuwa.

Ba mu kaɗai wannan ya taɓa samu ba. Ƙasar Peru ta raba wa 'yan firamare dubban ɗaruruwan ƙananan kwamfutoci a shirin nan na kowane yaro da tasa, amma binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012 bai ga ƙaruwa a sakamakon lissafi da harshe ba. Yara sun iya sarrafa na'urar, amma yadda ake koyarwa a aji bai sauya ba. Shi ya sa idan na ji ana murnar an kawo wa wata makaranta kwamfutoci, tambayata ta farko ita ce wa zai riƙe makulli, kuma me aka ce zai same shi idan ɗaya ta mutu.

Wurin da har yanzu tsarinmu ke da rauni shi ne ni kaina, domin ana iya yi mini canjin wurin aiki kowane lokaci. Yanzu malama mai koyar da lissafi da wani malamin Turanci suna kai nasu azuzuwan ɗakin, wasu 'yan aji biyar kuma su ne ke share faranten sola ranar Litinin da Alhamis, suna duba ruwan batura, suna rubutawa a littafin.