Saƙon Godiya Bayan Bikin Cikar Kundina Shekara 10

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillahi, taron bikin cikar kundin waƙoƙina shekara 10 ya tashi lafiya, kuma sai yau muryata ta ɗan dawo na samu sukunin yi muku godiya.

Zan fara da makaɗana, don su suka sha wuya. Wanda bai taɓa shirya irin wannan biki ba zai ɗauka abu ne mai sauƙi tunda waƙoƙin tsofaffi ne. Ai nan gizo ke saƙar. A wasa na yau da kullum mawaƙi ne ke zaɓar abin da zai rera, ya tsallake wadda ke ba shi wahala, ya ajiye wadda ta fi tashe sai ƙarshe. A bikin cikar kundi babu wannan gatan, ana bin waƙoƙin ne daga ta farko har ta ƙarshe yadda aka jera su a faifai. Dalilin ke nan da waƙar da kowa ke jira ta fito tun wasu na laluben kujerunsu. Shi ne kuma ya sa muka rera waƙa ta bakwai, wadda tun da aka naɗe ta ba ta taɓa hawa dandamali ba.

Wannan waƙar ta ba mu aiki. A situdiyo mutum ɗaya ne ya kaɗa jita sau uku aka ɗora ɗaya kan ɗaya, a dandamali kuwa hannu biyu gare shi kamar kowa. Sai da aka zauna aka rarraba, mai fiyano ya ɗauki kashi ɗaya, 'yan amshi suka ɗauki wani da baki. Ɗan'uwa mai jita, kai da ka ajiye wannan sana'a tuntuni amma ka amsa kira ba tare da jan rai ba, Allah ya saka maka da alheri.

Masu kunne sun lura mun ɗan sauke wasu waƙoƙin ƙasa. Haka ne, muryar da ta rera su shekara 10 da suka wuce ta yi kauri, kuma na fi son in rera waƙa da daɗi a ƙasa da in yi ta ƙaraji a sama.

Injiniyan sauti, ban san da wane baki zan gode maka ba. Gwajin sauti ana yin sa ne a zauren da ba kowa, da jama'a sun cika sai jikinsu da tufafinsu su shanye amsa-kuwwar, komai ya canza. Cikin waƙar farko ka gyara abinka, ba wanda ya ankara.

Ku kuma da kuka cika zauren, kun ba ni mamaki. A sahun gaba na hango wata yarinya da kundin ya girme ta, tana kan kafaɗar babanta tana bin baiti ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun ce na cika surutu tsakanin waƙoƙi. Na ji, amma ba zan rage ba. Waƙar kuna da ita a wayoyinku, labarin yadda aka yi ta ne ba ku da shi. Abin da zan roƙa dai shi ne a rage haska mu da fitilar waya, tana kashe ido.

Masu zuwa wasa na gaba, ku zo da wuri. Kundin duka minti 40 da ɗoriya ne, shi za mu fara yi, a ɗan huta, sannan mu dawo da waƙoƙin baya-bayan nan da wata sabuwa da ba a sake ta ba tukuna.

Masu tsaron ƙofa, masu duba tikiti, da samarin da suka kai tsakar dare suna naɗe wayoyi da loda lasifika a mota, na gode ƙwarai. Allah ya bar zumunci, ya kai mu wani bikin da rai da lafiya.