Abin da ajin adabi ya koya mini game da sulhu

Koyar da adabi ya sa na daina yarda da labarin da aka rubuta don wa'azin haɗin kai kawai. Kun san irinsa: saurayi daga wannan ƙabila, budurwa daga waccan, iyaye su ƙi, a babin ƙarshe kowa ya yi nadama a sha biki. Ɗalibai sukan haddace shi don jarrabawa, su fita da zuciyar da suka shigo da ita.

Labarin da ke aiki shi ne wanda ya fama gyambo. Yawancin ƙasashen da Turawa suka shata wa iyaka sun haɗa al'ummu da kowace ke riƙe da lissafin nata mamatan. Da aka gama yaƙin basasar Najeriya a 1970, Gowon ya ce ba wanda ya ci, ba wanda aka ci. Magana ce mai kyau, sai dai ta sa an yi shiru alhali ciwon na nan, kuma marubuta ne suka ƙi yin shirun.

Ranar da muka karanta wani babi kan yunwar da ta kashe yara a Biyafara, wata ɗaliba ta kife littafin a kan tebur ta ce, "Malam, mu fa? Wa ya rubuta mana daren 15 ga Janairun 1966?" Tana nufin juyin mulkin da aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa. Wani daga bayan aji ya ce kakarsa a jirgin ƙasa ta gudo gida a shekarar, ko takalmi babu. Ba su shirya a ranar ba. Amma dai a kan mutanen cikin littafi suka yi ta musu har aka tashi, ba wanda ya ambaci uban wani.

Abin da ya fi wuya shi ne ba mai laifi baki. A 1998 wasu marubutan Afirka sun je Ruwanda sun saurari waɗanda suka tsira daga kisan 1994. Boubacar Boris Diop na Senegal, da ya zo rubuta nasa littafin, har makasan ya bari suka yi magana. Ɗalibai kan ji haushin wannan, domin sai ka tarar makashin ba dodo ba ne, maƙwabci ne.

Saura batun harshe. Indiya ta kafa cibiyar adabi ta ƙasa mai suna Sahitya Akademi tun 1954, tana kula da adabin harsuna 24, har kyautar fassara take bayarwa. Littattafan yaƙin Najeriya kuwa galibi da Turanci aka rubuta su, don haka mai karatun Hausa zalla da mai karatun Ibo zalla ba su cika haɗuwa a shafi ɗaya ba.