Ƙoren Inna da jerin lambobi

Jiya bayan isha'i ƙanwata da za ta yi bak, jarrabawar gama sakandare, bana nan Tahoua ta zo min da kayenta rai ɓace, wai mushen lissafi, wato malaminsu, ya ba su 1, 3, 7, 15, 31 ya ce su fiddo dokar da ke kai mutum daga lamba guda zuwa ta gabanta, abin da suke ce ma rekiransi a lakkol. Ita kuwa iri biyu ta hardace, wanda ake ƙara abu guda kullum da wanda ake ninkawa, wanga bai shiga ko guda ba sai ta tsaya cik.

Na ce rubuta tazarar da ke tsakaninsu. 2, 4, 8, 16. Ta ce yaya ai tazarar ce ke ninkuwa! Na ce to ninka 7 mu gani, 14, saura guda ki kai 15, ninka 15 kuma, 30, saura guda. Shi ke nan, ninka ta baya ki ƙara 1, amma ki rubuta cewa ta farko 1 ce, in babu ta farko dokar ba ta da inda za ta taso, kuma nan yara ke asarar maki a banza.

Abin da ke damuna shi ne su samu doka ba su san dalilinta ba, shi ya sa na ɗauko ƙoren Inna guda ukku, babba da matsakaiciya da ƙoƙo, na kifa su bisa juna na zana wuri ukku a ƙasa. Wasan nan ne da Bafaranshe Edouard Lucas ya fiddo a 1883, hasumiyar Hanoi. Duka za a maida su wani wurin a jere yadda suke, guda guda ake ɗauka kuma babba ba ta hawa kan ƙarama. Ta yi ta juyi har ta gama cikin ɗauka 7. Da na ƙaro ta huɗu ita da kanta ta gano, dole ta kwashe ukkun sama, ta gusar da babbar, ta sake maido ukkun, 7 da 1 da 7, ga 15 ɗin mushe.

Na dai ja kunnenta kar ta yarda da lamba ukku kawai, 1, 2, 4 na iya zuwa 8 yana iya zuwa 7 in tazarar 1, 2, 3 ce, a gwada doka bisa duk lambobin da aka bayar.

Tana neman ƙwarya ta biyar ta ga ko 31 zai fito Inna ta leƙo ta ce a maido mata kayanta za ta dama fura.